Mai Kanya da Mai Kaiwa

Can a zamanin da, a wani ƙauye na bakin daji, an yi wata mata mai sayar da kanya, ana ce mata Tabawa. Ran nan sai ga wata baƙuwa daga yamma ta sauke farantinta a kasuwa, tana cewa, “Ga kaiwa mai zaƙi!” Mutane suka yi caa a kanta.

Hassada ta turnuƙe Tabawa, ko kallon farantin ta ƙi yi. Baƙuwa ta miƙo mata ɗanɗano, Tabawa ta kau da kai. Ta ce a ranta, “Sai na nemo kaiwar nan da kaina, in ga ƙarshen iyayi!”

Ta bar bishiyarta cike da 'ya'ya, ta nausa yamma. Ta tambaya nan, aka ce gaba. Ta tambaya can, aka ce gaba. A rana ta bakwai wani tsoho ya kai ta gindin wata bishiya, ya ce, “Ga ta nan, 'yata.”

Ta ce, “Haba Baba, ai wannan kanya ce! Irinta na baro a bayan gidana!”

Ya ce, “To, mu nan kaiwa muke ce mata.”

Ta komo gida ƙafa a kumbure. A ƙofarta ta tarar da kwanduna cike, baƙuwa na zaune tana korar awaki.

Baƙuwa ta ce, “Sannu da hanya, Yaya. Na ga kaiwarki tana ta zuba, na tsince miki.”

Tabawa ta zauna kusa da ita. Can ta ce, “Ɗanɗanon nan da kika miƙo mini, har yanzu akwai?”