Tuwo a Ƙofar Gidan Sallau

Inna Tabawa na saka ƙafa a dokin ƙofa, wani siririn haske shuɗi ya sauko ya zagaye kwanon da ke hannunta. Nan take ya gane tuwon dawa ne da miyar kuka, har da tsoka biyu, ya ƙiyasta kuɗinsa ya aika Asusun Lafiya na Birni. Tsohuwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta yi sallama ta wuce ɗakin maƙwabciyarta Uwani, matar gidan.

Hasken daga wata na'ura ce da ke saman ƙofa. Sunan na'urar a takarda Ma'aunin Samu, amma a unguwar Tudun Maƙera kowa Ɗan-sa-ido yake ce mata. Tun da kuɗin takarda suka ɓace, wasu suka koma musayar kaya don su ɓoye samunsu, sai hukuma ta ɗaura wa kowace ƙofa ido. Duk abin da ya shiga gida samu ne. Wanda samunsa ya haura iyaka, a cire shi daga inshorar lafiya ta talakawa, ya je ya biya da kansa.

Abin dariyar, Sallau maigidan shi ya ɗaura wannan da hannunsa. Shekara goma sha tara yana hawa tsani gida-gida, har kamfanin ya kawo injuna masu bin bango kamar ƙadangaru, aka sallame shi da takardar godiya. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya rataya jakar kayan aiki ya fita yana muzurai, shi a dole ma'aikaci. Allah sarki Sallau, ko kwana uku ba a yi ba unguwa ta sani. Babu wanda ya ce masa uffan, kwanoni kawai suka fara shigowa. Wannan ta aiko dambu, wancan ya aiko kaza, ƙanensa ya turo buhun gero daga ƙauye.

Ita kuwa Uwani ƙodarta ta daina aiki shekara shida da suka wuce. Wata na'ura ce ɗaure a ƙugunta take wanke mata jini, ana canza mata matata, wato abin tace jinin, duk kwana goma. Inshora ke biya, jirgi maras matuƙi ya kawo har tsakar gida. Kuɗin matata ɗaya ya fi albashin Sallau na wata uku.

Ranar ɗaya ga wata, suna karyawa, murya ta fito daga saman ƙofa: "Samun gidan nan ya haura iyaka. An dakatar da inshorarku."

Sallau ya miƙe da kofi a hannu. "Wane samu? Wata huɗu ba ni da aiki!"

"Kwano ɗari da sha ɗaya, kaza uku, gero buhu ɗaya. Idan aka yi kwana bakwai a jere babu abin da ya shigo, za a sake dubawa."

Ya kalli ƙugun matarsa. Saura kwana takwas matatar ta ƙare. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sallame shi.

"Malam, ka zauna ka ƙarasa kokonka," in ji Uwani. "Sai dai ni ban san bakin da zai ce wa Inna ta koma da kwanonta ba."

Gaskiya ta faɗa. A Tudun Maƙera ka zagi mutum ya fi sauƙi a kan ka mayar masa da abinci. Amma da azahar, da tsohuwar ta taho, Sallau ya tare ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, don girman Allah ki tsaya daga nan."

"Kai Sallau, ni ce fa. Ni na yi wa matarka wankan jego. Yau ni za ka tsayar a titi?"

Ya durƙusa ya faɗa mata komai, har da maganar aikin da ya ɓoye. Ta daɗe tana hararar na'urar da ke saman ƙofa.

"Shi wannan munafukin, yana ganin waje?"

"A'a Inna, sai abin da ya ƙetare dokin ƙofa. Ni na saita shi."

"To ɗauko tabarma, sakarai. Ka fito min da 'yata."

Haka aka fara. Uwani ta ci tuwonta a gindin darbejiya, mata suka kewaye ta don kada ta ji kunya. Washegari maza suka kawo nasu kwanonin gefen Sallau. Kafin kwana huɗu layin gaba ɗaya a waje yake cin abinci, ana yi wa Sallau tsiyar jakar da ya riƙa yawo da ita, shi ma yana dariya har da hawaye. Amma duk dare sai ya duba fitilar matatar, wadda ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa.

Ranar bakwai da la'asar jirgin ya sauka da sabuwar matata, sai dai a waje Sallau ya tare shi don tsoro. Ya san daga yau, damina ko rani, shi da matarsa ba za su ƙara cin lomar maƙwabci a cikin ɗakinsu ba. Yana cikin canza mata, muryar ta ɗaga yadda mutum arba'in da ke kan tabarmi suka ji:

"An mayar da inshorarku. Bincike ya tabbatar gidan nan ba shi da mai taimako."

Inna Tabawa ta zaro takalmi za ta jefi Ɗan-sa-ido. Uwani ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale shi, Inna. Shi ne ba shi da kowa."