Gauraki Biyu a Fadamar Dundaye

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

A Minanata akwai wani mutum, Na'Allah, wanda babu abin da yake so kamar kallon tsuntsayen daji. Kullum madubin hangen nesa na rataye a wuyansa, kuma kuka ɗaya zai ji ya faɗa maka mai shi. Sai dai akwai raini. In ka nuna masa balbela ko hasbiya, sai ya taɓe baki ya wuce. Gauraka yake nema, mai tukkun zinariya, wadda ya daɗe bai sa a ido ba.

Wata yamma ya je dubo gonar shinkafar yayansa a fadama, can bayan Dundaye. Yana shirin hawa babur sai ya ji kukanta daga cikin ciyawa.

Ya bar babur ya kutsa. Laka tana wari, sauro na kuka a kunne, kwaɗi sun cika wuri da hayaniya. Daga nesa ya jiyo kiran magariba. Ya ce a ransa, bari dai ya gan ta tukuna. Ya ciro waya, ya kunna kukan gauraka da ya ajiye a ciki, don ya jawo ta.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ga gauraki nan su biyu tsaye cikin ruwa, ruwan ko motsi ba ya yi. Ya ɗaga madubi. Ciyawa kawai. Ya sauke. Suna nan, sun matso.

Ya sake ɗagawa, ya sauke. Yanzu sun fi shi tsawo.

Ƙaramar ta karkata kai, ta yi raɗa da muryar mace.

"Yaya, wanga wane iri na?"

"Ɗan Adam na. Na birni."

"Shi ad da kukan ga?"

"Ina! Na aro na. Nashi ba daɗi."

Na'Allah ya nemi addu'a, ta ɓace masa. Ƙafafunsa sun nutse a laka.

"Mu tai da shi gida mana," in ji ƙaramar. "Yara su gani."

Babbar ta miƙo wuya. Bakinta mai sanyi ya ɗaga hularsa, ya bi ta ƙeya, ya sauka a maƙogwaro. Numfashinta na warin tsohuwar rijiya.

Ta daɗe tana dubawa.

"Bar shi. Ba launi, ba tukku, ba murya. Irinsu sun cika kasuwa."

Ta saki hular cikin ruwa. Suka juya masa baya.

Bai san yadda ya fita ba. Da takalmi ɗaya ya kai gida, babur kuwa sai da safe aka ɗauko.

Ya sha zazzaɓi, ya warke, ya daina zuwa fadama. Amma ba tsoro ne ya fi cin sa ba. Wata rana ya tsaya a kan matarsa Zainaba tana tsintar shinkafa.

"Zainaba, hwaɗa min gaskiya. Wai ni ba ni da wani abin kallo?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa laka.