Ɗigon da Ya Bushe a Kan Gilashi

Ruwa kawai Malama Veronica ta je ɗebowa Argungu, shi ma ba mai yawa ba, cikin tsohuwar kwalbar zuma.

Malamar kimiyyar halittu ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Birnin Kebbi. Ita da mijinta Felix mutanen Filato ne, amma sun daɗe a unguwar Badariya, har bakinta ya fara karkata zuwa Hausar gari. Ran Litinin take son nuna wa ɗalibanta amiba, wata 'yar halitta da ke zaune a ruwan tafki, wadda ido ba ya ganinta sai an ɗora ɗigon ruwan a ƙarƙashin madubin likita. Akwai zanenta a littafi, amma Veronica ba ta yarda a koya wa yara abu mai rai daga zane ba. Wannan taurin kan nata kuwa har masu shara a makarantar sun san da shi.

Bazara ta yi tsanani. Kududdufan gari sun ƙafe, waɗanda suka rage kuma man injin ban-ruwa ya ɓata su. Shi ya sa ran Asabar ta hau mota zuwa Argungu, daga tasha ta hau kabu-kabu zuwa gidan Inna Uwa, mahaifiyar wata tsohuwar ɗalibarta. Motar ta lalace musu a hanya, saboda haka ba su shiga fadama ba sai da rana ta yi ja.

Warin albasa ya cika ko'ina. Masu ban-ruwa suna kashe injinansu, suna naɗe tiyo. Tsohuwar na gaba, Veronica na biye, har suka iso wani tafki da ke kwance a bayan gonakin shinkafa, ganyen bado ya rufe rabinsa.

"Ga shi nan," in ji Inna Uwa. "Ko rijiyoyi sun ƙahe, wanga ba ya ƙahewa. Ɗebi mu tahi, Malama, marece ya yi."

Veronica ta cire takalmi, ta tattare zani, ta shiga.

"Ke, ina za ki? Ɗebi nan bisa mana!"

"Inna, abin da nake nema ba ya zama a sama. A ƙasa yake, cikin laka da ruɓaɓɓen ganye."

Tsohuwar ta ce, "Mu dai ruwan bisa mukan ɗiba. Mu sha, mu ba albasa, ba a taɓa hana mu ba. Ƙasa ba mu taɓawa."

"Saboda me?"

"Wallahi ban sani ba, haka munka ishe. An ce da masu gida ciki. Ni ban taɓa ganinsu ba, kuma ban biɗar gani." Sai ta yi dariya. "Ke ko boko ya sa ki biɗar abin da ido ba ya gani. Kun dace da juna."

Veronica ma ta yi dariya. "Cokali ɗaya ne, Inna. In mun gama zan maido musu abinsu."

Da gaske take. Ba ta taɓa zubar da ruwan gwaji a kwata ba, kullum sai ta nemi wani tafki ta juye shi. Ta sunkuya, ta nitsa hannu har kafaɗa. Saman ruwan da ɗumi, ƙasan kuwa sanyi ƙalau. Bakin kwalbar ya kankari laka.

Nan take kwaɗin tafkin suka yi tsit gaba ɗaya.

Matan biyu suka dubi juna. A hanyar komawa Inna Uwa ba ta sake yin tsokana ba, sauri kawai take yi tana motsa leɓe.

Washegari Lahadi, bayan an tashi daga coci an ci abinci, Veronica ta ce wa Felix za ta leƙa makaranta ta duba ko lakar ta kwanta. Bai hana ta ba. Ya san ba laka ce kawai ke fitar da ita ba. Tun daminar bara da zazzaɓi ya ɗauke musu 'yarsu Shekinah, wadda ko firamare ba ta shiga ba, Veronica ba ta iya zaman gida da yamma. Lokacin ne takan yi wa yarinyar wanka. Har yau ɗan bahon na nan kife a bayan ƙofa, ita ba ta ɗauke ba, shi ma bai ɗauke ba.

Makarantar babu kowa sai maigadi can bakin ƙofa. Ba wuta. Ɗakin gwaje-gwajen ya ɗauki zafi kamar tanda. Ta buɗe taga, ta kunna fitilar caji, ta jawo madubin likita, ta juya ɗan madubin ƙasan na'urar har haske ya faɗo daidai. Ta zuƙo ɗigo ɗaya daga saman lakar da 'yar robar ɗiga ruwa, ta ɗiga a kan gilashi, ta kwantar da siririn murfinsa a hankali. Sannan ta kafa ido.

An dace. Ruwan cike yake da rai. Wasu ƙananan halittu na wulgawa da gudu, wasu na juyi wuri ɗaya. Can gefe kuma ga amiba, toka-toka, ba kai ba wutsiya, kamar ɗigon kunu da ya zuba a faranti. Ta turo wani sashe na jikinta gaba, sai sauran jikin ya malalo ya bi shi, 'yan tsabar cikinta na gudana a hankali. Veronica ta yi murmushi. Shekara da shekaru tana kallon wannan tafiya, ba ta taɓa gundurarta ba.

Ta matsa gilashin kaɗan, sai ta ga wata.

Wannan ta fi sauran girma, kuma a dunƙule take, kamar mai jin tsoro. Da hasken ya sauka a kanta sai ta motsa. Ta miƙo sashe ɗaya sama, wajen idon Veronica. Sashen ya rabu gida-gida. Ya buɗe, ya rufe. Ya buɗe, ya rufe.

Haka Shekinah take yi da hannu in tana son a ɗauke ta.

Tsabar da ke cikin abin suka taru, suka jeru. Ga goshi. Ga ɗan hanci. Ga baki, har da wushiryar nan ta gaba.

"Shekinah," in ji Veronica, da muryar da ita kanta ba ta ji sosai ba.

Fuskar ta yi dariya.

To, akwai doka ɗaya a wannan aiki, wadda Veronica ta yi ta yi wa ɗalibai faɗa a kanta har suka laƙaba mata suna da ita: ɗigon da ke ƙarƙashin murfi bushewa yake yi, balle a zafin Kebbi. Lokaci-lokaci sai an ɗiga masa wani a gefe, in ba haka ba duk abin da ke ciki ya mutu. Robar tana nan kusa da hannunta na dama, wani wuri tsakanin kwalba da fitila. Amma sai ta ɗaga ido za ta gan ta, ita kuma tana tsoron in ta ɗaga ido ta dawo, ba za ta sake samun fuskar ba.

Ta laluba da hannu. Robar ta gangara ta faɗi ƙasa.

"Yanzu," ta ce. "Yanzu zan ɗauko. Bari in ƙara ganin ki kaɗan."

Hawaye na zuba a kan ƙarfen na'urar. Ta gaya wa fuskar cewa babanta ya rame. Ta gaya mata takalmanta na nan. Ta nemi gafara a kan daren da ta ce zazzaɓin zai sauka da kansa. Daga hagu wani farin layi ya shigo cikin da'irar hasken, yana matsowa. Ta gan shi sarai, kuma ta san bushewar ɗigon ce ke tahowa.

Hannun ya ci gaba da buɗewa yana rufewa, amma yanzu da sauri.

A wannan lokacin ne ta ji warin. Laka, da ruɓaɓɓen bado.

Kwaɗo ya yi kuka a ƙarƙashin tebur. Wani ya amsa daga cikin kabad.

Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga a kan siminti, a bayanta.

Taku, irin na jiƙaƙƙiyar ƙafa. Bai shigo ta ƙofa ba. Daga wajen kwalbar ya taso.

"Malama."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a dishe, irin ta wadda ta kwana tana kira.

"Malama, ina ɗiyata?"

Veronica ta ɗago. Duhun magariba ya riga ya shigo ɗakin. Matar doguwa ce, lulluɓe da baƙin zane da ke tsiyayar ruwa. Fuskarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana malala a hankali daga wannan kama zuwa waccan. Idanun ne kawai ba sa canzawa, kuma sun kumbura da kuka.

"Tun jiya nika biɗa. Na bi sawunki har nan. Ina kika aje ta?"

Veronica ta mai da ido kan na'urar da sauri.

Babu komai. Farin layin ya ƙetare da'irar. Sai ɗan tabo, kamar gishirin da gumi ke bari a riga.

Matar ta sunkuyo ta dubi gilashin. Ba ta buƙaci na'ura ba.

Ba ta yi ihu ba. Hannu kawai ta ɗora a wuyan Veronica, mai sanyin ƙasan tafki.

Ruwa ya taso wa Veronica daga ƙirji. Ya cika maƙogwaro. Ya fito ta hanci, da laka a ciki. Ta buɗe baki, ba iska. Ƙafafunta na shure-shure a kan busasshen siminti, tana nutsewa.

"Ɗigo guda," in ji matar a kunnenta. "Ga ruwa nan gabanki. Mi yah hana ki?"

Da ɗan numfashin da ya rage mata Veronica ta ce, "Fuskar... 'yata... na gani."

Hannun bai saki ba, amma ya daina matsewa.

"Tana ina, ɗiyar taki?"

"Ta rasu."

Kwaɗin suka yi shiru. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga zanen.

"Haka take," in ji matar can. "Ba ta da wayo tukuna. Duk wanda yad dube ta, abin da ke cikin ranshi take nuna mishi. So take a yi mata dariya."

Ta janye hannunta. Veronica ta zube ƙasa tana tari. Daga nan kwance ta ga matar ta zare gilashin daga na'urar da hannu biyu, ta hura masa iska a hankali, ta juya shi zuwa bayanta, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirji yadda ake goyo. Har ta ɗan girgiza shi.

Fitilar ta mutu.

Maigadi ne ya same ta bayan ya idar da salla, kwance cikin ruwa a ɗakin da famfonsa ya shekara bai kawo ko ɗigo ba. A asibiti an ce zafi ne ya buge ta. Ba wanda ya iya faɗin inda lakar da ta yi ta amayarwa ta fito.

Ba a yi darasin amiba ba a wannan zangon, kuma daga baya in lokacinsa ya zo, wata malama ce ke karɓa. Veronica ta gaya wa Felix komai. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, ya dai riƙe hannunta suka yi kukan da suka daɗe suna ɓoye wa juna.

Da ta sami ƙarfi ta koma Argungu da kwalbar. Ta zauna a kan tabarmar Inna Uwa ta ba ta labari, kanta a sunkuye. Tsohuwar ta ce lallai tun ranar masu ban-ruwa suke jin kuka a fadama in rana ta faɗi, har sun fara tashi da wuri.

"Inna, me zan yi? In akwai abin da ake kaiwa, zan kai."

"Mi za ki kai, ɗiyata? Akuya? Ke da anka yi miki rasuwa, mi anka kawo miki da yam maido ta?" Ta jawo mayafinta. "Tashi. Wadda tar rasa ɗiya gaisuwa akan yi mata. Shi kaɗai na sani."

Suka isa da yamma. Veronica ta durƙusa ta juye kwalbar a hankali, har lakar ƙarshe. Sannan suka cire takalma suka zauna a ƙasa, ƙafafu a miƙe, yadda mata ke zama a gidan makoki. Kunya da baƙin ciki sun toshe wa Veronica baki, don ba ta taɓa jin mutum ya je ta'aziyyar wanda ya kashe da hannunsa ba.

Inna Uwa ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Sannu," in ji Veronica, tana fuskantar ruwan. "Ya haƙuri?"

Ganyen bado bai motsa ba. Rana ta ƙarasa faɗuwa. Tsohuwar ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai muryar ta taso daga can ƙasan ruwan, a gajiye, ba fushi a cikinta.

"Malama, ke da kir riga ni. Ciwon rashin yana raguwa?"

Veronica ta buɗe baki za ta faɗi abin da akan faɗa, wanda aka yi ta faɗa mata ita ma. Sai ta kasa yi mata ƙarya.

"A'a," ta ce. "Amma zan riƙa zuwa."