Saiwar da Na Nuna Masa

"Muttaƙa, karo na uku ke nan kana tambayata saiwar nan! Aurena ka zo nema ko maganin Inna?"

Ya sunkuyar da kai. "Haba Azizata... ki nuna mini kawai."

Inna kakata ce, kaf Bande ita ke haɗa maganin zubar jini na mata, kuma ni kaɗai ta nuna wa saiwar. Bara wasu suka zo da mota, suka zauna kan tabarmarta, suka naɗi muryarta a salula tana bayanin maganin tari. Bayan wata shida sai ga shi cikin kwalba a kasuwar Magariya da sunan wani kamfani, wai sun yi masa takardar mallaka. Ko sunan Inna babu!

Shi kuwa Muttaƙa ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, ilimin tsirrai ya karanto a Damagaram, kullum da ɗan littafi a aljihu. Ina son sa kamar raina, amma wa zai ga laifina?

Na ja shi bayan gari, na nuna masa wata saiwa da ba ta magani, ba ta cutarwa. Na ce a raina, in na gan ta a kwalba na san wanda zan aura.

Kwana tara shiru. Ran na goma sai ga shi kan moto, idanu jajir.

"Aziza, yaya ake dafa ta? Har yau ba ta ji sauƙi ba..."

"Wa?"

"Mahaifiyata. Wata biyu jini bai tsaya ba. Ta ƙi zuwa likita, ta hana ni faɗa muku. Wai da ta buɗe wannan ciwo gaban surukai, gara ta mutu."

Innalillahi!

"Ba ita ba ce, Muttaƙa... ƙarya na yi maka. Na zaci sayar da ita za ka yi."

Na ruga ɗakin Inna na ƙullo garin saiwar ta gaskiya a bakin mayafi, na haye bayansa ina kuka har Sassumbrum.

Tun daga nesa muka hango maza zazzaune kan tabarmi a ƙofar gidansu. Ya kashe moto, bai juyo ba.

"Sauka," ya ce a hankali. "Mayar wa Inna kayanta. Ba wanda ya sace shi."