Bijimin da Ba a Duba Haƙoransa Ba

Ranar da Kalilu ya fara ganin Haulatu, rai a ɓace ya bar wurin. Taron marubutan Daura ne, inda kowa ke karanta jigon fim ɗinsa a jimla ɗaya. Ya karanta nasa: "Wani falke ya sayi bijimi a Mai'adua da kallo ɗaya, bijimin ya canza masa rayuwa."

"Sai me?" in ji Haulatu, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Me zai rasa in bai saya ba? Wannan ai cefane ne, ba labari ba."

Aka kwashe da dariya. Kwana uku yana cika yana batsewa kafin ya tura mata gyara ta waya. Amsa ta zo: "Ya fi na farko muni. Sake."

Sau tara yana sakewa tana watsa masa ƙasa a ido, har ya lura ba wanda take amsa wa da sauri kamarsa. Ya raɗa mata Jan Biro, ita kuwa Sarkin Fushi take ce masa. Soyayya dai ta shiga ana tsakiyar faɗa.

Sai ga takardar da ta kwafe jigon a kai ta faɗa hannun mahaifinta, Alhaji Sabiru, dillalin shanu na shekara talatin. Ya sa aka kira Kalilu zaure.

"Kai ka rubuta wannan shirmen? Da kallo ɗaya! Bai buɗe baki ya duba haƙora ba, bai ga tafiyarsa ba? Wanda ya yi wa sa ƙarya zai yi wa 'yata. Tashi ka ba ni wuri!"

Kalilu ya fita yana huci, ya rubuta mata: "Ashe gado kika yi! Na bar labarin."

"To ni ma ka bar ni," ta amsa. "Ba na kallon jarumin da ke gudu tun a shafin farko."

Maganar ta ƙona masa rai. Mako bakwai yana bin Alhaji kasuwar shanu don ya koyi harkar, kashi har idon sawu, tsawa kuwa ya sha ta ya ƙoshi. Ran nan ya durƙusa ya miƙa sabuwar takarda: "Dillalin da bai taɓa kuskuren zaɓen bijimi ba zai yanke hukunci kan saurayin da ya tsana, ko ya rasa walwalar 'yarsa."

Alhaji ya karanta sau biyu, fuska a murtuke.

"Har yanzu da gyara. Ba tsanar yaron ya yi ba, haƙoransa yake dubawa. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha ana Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, wayar Kalilu ta yi ƙara. Jan Biro ce.

"Wannan ƙarshen labarin ya yi, Sarkin Fushina. Kada ka taɓa ko wasali."