Haƙoran Ranar Talata

A kan bencin jira na likitar halayyar ɗan Adam suka fara ganin juna, wata Talata, kowa na ɓoye fuska kamar ya zo sayar da kayan sata. Ita mai ɗinkin littattafai ce a wata maɗaba'a. Tun ranar da mahaifinta ya faɗi ya cika a gabanta, numfashinta kan ɗauke haka kawai. Wata uku ta yi tana neman wanda zai saurare ta, kafin wata mai kemis ta rubuta mata lambar likitar a bayan kwalin magani. Shi direban bas ne, ya yi hatsari bara, tun daga nan hannunsa ke rawa a kan sitiyari.

"Me kika ce musu a wurin aiki?" ya tambaye ta.

"Haƙori. Kai fa?"

"Ido."

"Direba da ciwon ido? Gara ka ce ciki."

Ya yi dariya har ya manta da ɓoye fuskar.

Ban zarge su da ƙaryar ba. Na zargi waɗanda suka sa mai ciwo jin kunyar ciwonsa. A maɗaba'ar akwai Manaja, mutum mai ƙaton tumbi da 'yar ƙaramar zuciya, wanda ya taɓa neman ta, ta ƙi shi. Duk fom ɗin neman izini da aka miƙa masa, sai ya karanta gurbin dalili da ƙarfi.

"Mai Haƙora, wanne za a cire yau? Na ƙirga, saura tara."

Ma'aikata su bushe da dariya, irin ta masu tsoron kora.

Ita dai takan haɗiye, don saƙon direba na jiran ta a waya: "Talatata, na share miki benci. Sauran ranakun mako duk ɓata lokaci ne."

Ta amsa: "Direbana, ka dubi hanya, ba ni ba."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ta je maɗaba'ar bincike. Manaja ya ba ta kujera, ya marairaice murya. "Hajiya, ni ba na gulma. Amma kowace Talata tana fita, kuma haƙoranta ras suke."

Da yamma saƙo ya shigo: "Talatata, Mama ta ce ba ta yarda ba."

"Ka gaya mata inda nake zuwa."

"In na faɗa, sai na faɗi inda na gan ki."

"To ka zaɓa. Ni na gama cire haƙora."

Kwana shida bai neme ta ba. Namijin da zai bar mace ta ɗauki zargin banza don ya ɓoye rawar hannunsa, ba sai na faɗi sunansa ba.

Ranar Talata ta rubuta gaskiya a fom. Manaja ya ɗaga shi sama kamar ya ci kyauta. "Jama'a, likitar mahaukata!"

Ƙirjinta ya fara bugawa. Ta ja numfashi a hankali yadda likita ta koya mata, ta ajiye masa takardar asibiti.

"Ka sa hannu. In ka ƙi, ka rubuta dalilinka, ni ma in karanta wa mai kamfani da ƙarfi."

Ya sa hannu. Ba wanda ya yi dariya.

Tana zama a benci sai ga mahaifiyar direba, wadda ta biyo ta a tasi tun daga bakin maɗaba'a. Ta karanta allon ƙofa, ta taɓe baki.

"Ashe nan ne. Da namiji na tarar ma da sauƙi. Ba za mu haɗa jini da masu taɓin hankali ba."

Ƙofar likita ta buɗe, ɗanta ya fito. Ya dubi uwarsa, ya dubi yarinyar, ya dubi ƙasa. Sai ya durƙusa ya miƙa hannuwansa biyu, suna tsaye cak, ba sa rawa.

"Mama, na riga ta zuwa nan da wata biyu. Kin ce addu'arki ce ta tsayar da rawar nan. Addu'arki ce, da wannan ɗakin. Ni ne matsoracin da ya bar ta da zargi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannuwan, sannan ta zauna a gefen yarinyar.

"Yaushe za ki shiga, 'yata?"

"Yanzu, Mama."

"Shiga. Kawo jakar in riƙe miki."

Bayan wata biyu ta sake miƙa fom, a gurbin dalili ta rubuta: aure. Wannan kam Manaja a zuci ya karanta shi. An ɗaura ranar Asabar, don amarya da ango sun ce Talata tana da mai ita. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya kuma bar musu haƙoransu cif.