Abin da Ya Kwana a Cikin Bonet

Ƙarfe biyar da kwata na asuba Marlys Tollefson ta fito da kofi a hannu, tana mita. Ita ke dafa abinci a gidan kula da tsofaffi, mil goma sha takwas daga gonarsu, kuma sau biyu ke nan tana makara a watan nan. Jiya shugabar kicin, Misis Haugen, ta gaya mata ko kallonta ba ta yi ba: "Na uku shi ne na ƙarshe."

Sanyin ranar irin wanda ke daskarar da gashin hanci ne. Ta cire wayar lantarkin da ke ɗumama injin mota duk dare, ta kankare ƙanƙarar da ke kan gilashin motar sama-sama. Surukinta Arvid, tsohon da barci ya daɗe da sallama da shi, ya leƙo ta ƙofa.

"'Yata, kin bugi bonet?"

"Na buga, Baba. Ka koma ciki kafin kunnenka ya faɗi."

Ƙarya take yi. Kowa a yankin ya san kafin a tayar da mota da hunturu sai an bugi bonet sau uku, don kyanwa ko wani abin da ya shige neman ɗumin inji ya fita. Minti ɗaya bai kai ba, amma yau ta ga ba ta da shi.

Ƙanƙara ta mai da titi kamar gilashi. Tana tafiya a hankali, hannu biyu a sitiyari, ba kowa sai hasken fitilarta. Sai a mil na goma sha uku hita ta fara kawo zafi, ta kawo wari tare da shi.

Da farko kamar jiƙaƙƙen bargo. Sai ya koma ɗoyin naman da aka manta a firji bayan wuta ta ɗauke, da ƙarnin bakin da bai taɓa ganin buroshi ba. Shekara tara Marlys tana aiki cikin tsofaffi, babu ƙazantar da ba ta kwashe ba, amma ba ta taɓa jin wari irin wannan ba.

Ta danna maɓallin buɗe taga. Ƙanƙara ta liƙe ta.

Ta kashe hita. Nan take farin sanyi ya fara cin gilashi daga gefe, har wurin da take ganin hanya ya rage kamar tafin hannu. Dole ta sake kunnawa.

Iskar ba ta dawo yadda take ba. Tana fitowa, tana tsayawa, tana sake fitowa.

Numfashi ne.

Wani ruwa mai yauƙi ya ɗigo daga ramin hita kan gwiwarta. Bayansa gashi ya biyo, dogo, fari, a jiƙe.

"Ƙara," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Ƙara zafin."

Ta taka birki, abin da ko ɗan koyo ba ya yi a kan ƙanƙara. Motar ta juya sau biyu ta tsaya, hancinta na kallon fitilun gari. Saura mil uku. Agogo ya nuna shida saura minti sha biyu, ƙarfe shida kuma take fara aiki. In ta fita da ƙafa a wannan sanyin, gawarta za a tsinta, in ma ta rayu ta makara.

Yatsu suka fito ta ramin, baƙaƙe kamar ruɓaɓɓiyar ayaba, fatar tana saɓulewa. Suka lalubo tsakanin safar hannunta da hannun riga, suka kama fatar wurin.

"Kina da ɗumi," in ji muryar.

"Allah ya tsine maka," Marlys ta ce a hankali, hawaye na zuba. Ta sa giya.

Haka ta tuƙa mil ukun, abin yana shafa mata wuyan hannu kamar mai lallashin jariri. Ta yi amai a cinyarta, ba ta tsaya ba.

A bayan gidan tsofaffin ta kashe inji. Yatsun suka saki. Ta ji wani abu mai nauyi ya faɗo ƙarƙashin motar, tim. Sai ƙarar jan jiki a kan ƙanƙara, ya nufi bangon ɗakin wanki, inda tururi ke fita ta wani bututu.

Shida saura minti biyu ta sa hannu a takardar shiga.

"Yau kam an yi abin kai," in ji Misis Haugen. Sai ta toshe hanci. "Marlys, mushe kika taka?"

Ta wanke hannun da sabulu, ta wanke da ruwan tsami, har fatar ta yi ja. Duk da haka, da aka kai kunun safe, tsofaffi talatin da ɗaya suka ture kwanoninsu. Wata tsohuwa mai suna Inga, wadda ta shekara biyu ba ta gane ko 'ya'yanta ba, ta kalli Marlys tsaf.

"Ba ki buga ba," ta ce.

Kwana huɗu aka yi ana mayar da abincinta. A na biyar Misis Haugen ta sallame ta, tana magana daga nesa, hanci a cikin gyale. Marlys ba ta sake makara ba ko sau ɗaya, aikin kuma ya tafi.

Arvid ma ya daina cin abin da ta taɓa. Warin na nan a wuyan hannunta har bazara.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta kira ta kwanan baya. Ta ce tsofaffin sun ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a da ta gagari ma'aikata: ba wanda ke yarda ya hau gadonsa sai ya bugi katifa sau uku, ya tsaya yana saurare.